Gwano Ba Ya Jin Warin Jikinsa: Ɗalibi Tsakanin Maki da Gyara

Duk wanda ya taɓa zama a aji ranar da malami ya dawo da takardun jarrabawa ya san abin da ke faruwa. Ana kiran suna, ɗalibi ya miƙe ya karɓi tasa, idonsa ya tafi kai tsaye kusurwar sama inda aka rubuta lamba bisa 20. Idan lambar ta kai 10, sai ya yi ajiyar zuciya, ya ninke takardar ya cusa a jaka. Idan ba ta kai ba, sai ya ninke ta da saurin da ya fi wancan, don kada na kusa da shi ya hango. Ko ta kai ko ba ta kai ba, jan rubutun da malami ya ɓata dare yana yi a gefen shafi ya tafi ke nan, ba mai sake waiwayarsa. Na yi shekara da shekaru ina haka, tun ina kwaleji a nan Agadez har na shiga jami'a, kuma na tabbata ba ni kaɗai ba ne.

A shekarata ta farko a sashen kimiyyar harshe, an ba mu aiki a darasin tsarin sauti: jimloli goma na Hausa, mu rubuta su tare da nuna karin sauti da tsayin wasali. Na yi dariya a zuci. Da Hausa aka yi mini tawai, da ita na yi wasan ƙasa, wa zai koya mini ita? Ban buɗe littafi ba, na kuma riga kowa fita daga ɗakin. Da takardu suka dawo sai ga 7 bisa 20. Wanda ya fi kowa maki a ajin wani abokinmu ne da ya tashi da Zabarmanci, wanda a kasuwa ya tsinci Hausarsa, kullum muna yi masa dariya idan ya mayar da mace namiji a magana. Na ninke takardata, na shaida wa abokai cewa malamin nan ba ya ƙaunata. Sai bayan wata biyar, da na zo hutu gida ina kakkaɓe jaka, na ga abin da ya rubuta a ƙasan shafin: “Kunnenka yana jin bambancin, amma ba ka san inda yake ba. Zo ofis mu zauna.” Wata biyar gayyatar tana cikin jakata, ni kuwa ina yawo da ƙullin mutumin da ya miƙo mini hannu.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, mu ɗalibai ba mu iya auna kanmu ba, musamman a kan abin da ya shafi harshe, kuma abin da zai gyara mana ma'aunin, wato tsokacin malami da na abokin karatu, shi ne muka fi gudu.

Madubai biyu masu ruɗi

Ɗalibin kimiyyar harshe a Nijar yana duba kansa a madubi biyu, kowanne kuwa da irin ƙaryar da yake yi masa. Na farko shi ne harshen gida, wanda ke nuna masa kansa ƙato. Wanda ya ji Hausa tun yana goye ba zai taɓa rikita garin zama da garin tuwo ba a bakinsa, ko kukan jariri da kukar miya, ko wuyan riga da wuyar aiki. Amma a ce ya faɗi abin da ya raba kowane biyu, tsayin wasali ne ko karin sauti, a gaɓar farko ko ta biyu, sai ka ga ya yi tsuru-tsuru. A tambaye shi bambancin bara mai yi wa sarki hidima da bara da almajiri ke yi, zai furta su daidai, ɗaya da ra-kaɗe ɗaya da ra-gare, ya kuma rantse cewa harafi ɗaya ya faɗa. Yana cewa saya, sayo, saye, sayar, ba tare da tuntuɓe ba, alhali bai taɓa lura cewa tsari ne ke gudana a ƙarƙashinsu ba, tsarin da F. W. Parsons ya kasa gida bakwai tun 1960. Iya magana da harshe baiwa ce da kowane yaro ke samu kyauta. Iya bayyana yadda harshen ke aiki kuwa sana'a ce, sai an durƙusa an koya. Abokina Bazabarme ya san bai iya ba, shi ya sa ya zauna ya bi kalma ɗaya-ɗaya da ƙamus. Ni da na ɗauka na iya, ban ga dalilin zama ba.

Madubi na biyu shi ne Faransanci, wanda ke nuna wa da yawanmu kansu ƙanana. Yaron da ya taso a Timia ko Iferwan ko Ingal, ya shiga aji ranar farko ya tarar da mushe yana magana da harshen da bai taɓa ji ba, ba ya manta wannan ranar. Iyayenmu da yayyenmu suna ba da labarin sambol, abin nan da ake rataya wa yaro a wuya idan an kama shi yana magana da harshen uwarsa a harabar makaranta. Ko inda aka daina rataya shi, tabonsa bai gushe ba. Sai ka ga ɗalibi mai jin Tamajak da Hausa da Larabci, wanda ya fahimci darasi sarai, ya zauna a bencin baya ya yi gum har shekara ta ƙare, don tsoron kada ya sa wa kalma jinsin da ba nata ba a yi masa dariya. Wanda kuwa ya tashi a gidan ma'aikata, Faransanci na zuba daga bakinsa, shi ke riƙe da zance a aji, mu duka har shi kansa mu ɗauka shi ne gwani. Ranar da aka ba da aikin fiɗar kalma ko zanen bishiyar jimla, sau da yawa sai lissafin ya juye. Mun mayar da santsin harshe ma'aunin basira, mai shi ya ɗauki kansa fiye da inda yake, marar shi ya yanke wa kansa hukuncin cewa boko ba nasa ba ne.

Abin da bincike ya nuna

Bai kamata wannan ya ba ɗalibin kimiyyar harshe mamaki ba, domin fanninmu ne ya fara tabbatar da cewa mutum ba amintaccen shaida ba ne a kan bakinsa. A binciken da William Labov ya wallafa a 1966 kan Ingilishin birnin New York na Amurka, ya naɗi maganar mutane, sannan ya tambaye su yadda suke furta wasu kalmomi. Da yawa sun ce suna furta su yadda masu daraja ke yi, faifai kuwa ya nuna akasin haka. Daga nan ne batun ɗari-ɗari da harshen kai ya samu gindin zama a ilimin walwalar harshe. Peter Trudgill ya yi irin wannan aiki a garin Norwich na Ingila, ya bayyana a 1972 cewa mata da yawa sun ɗauka suna amfani da daidaitaccen lafazi fiye da yadda suke yi, maza da yawa kuwa sun ɗauka lafazin ƴan unguwa ya fi yawa a bakinsu fiye da yadda yake a zahiri. Ba wanda ya yi niyyar ƙarya a cikinsu. Kowa ya ji kansa ne yadda yake so ya kasance.

A fannin nazarin halayyar ɗan'adam, Justin Kruger da David Dunning na Jami'ar Cornell sun gwada ɗalibai a 1999 a kan nahawu da mantiƙi da gane abin dariya, suka kuma nemi kowa ya ƙiyasta matsayinsa. Ƴan rukunin ƙasa, waɗanda a zahiri ba su wuce kashi 12 cikin 100 na abokan gwajinsu ba, sun ɗauka sun wuce kashi 62. Ƴan rukunin sama kuma sun rage wa kansu daraja, don sun zaci abin da ya zo musu da sauƙi haka ya zo wa kowa. Masana sun yi ta muhawara a kan yadda ya dace a fassara waɗannan alƙaluma, amma bayanin da masu binciken suka bayar yana da wuyar musu: ilimin da ake buƙata a yi abu daidai shi ne dai ilimin da ake buƙata a gane an yi kuskure. Wanda bai san ƙa'idar haɗe “yana” da “suka” ba, zai karanta “ya na” da “su ka” a rubutunsa sau goma bai ga aibu ba. Kakanninmu sun riga su faɗa da suka ce gwano ba ya jin warin jikinsa. Abin ƙarfafa gwiwa a binciken shi ne, da aka koya wa ƴan rukunin ƙasa ɗan abin da ya samu na mantiƙi, sai ƙiyasinsu game da kansu ya matso kusa da gaskiya.

“Na ci” da “ya kayar da ni”

Tun da nazarin magana muke koyo, mu saurari kanmu a gaban allon sakamako. Wanda ya samu 15 cewa yake “na ci”, ko “na samu”. Wanda ya samu 6 kuwa cewa yake “ya ba ni 6”, ko “ya kayar da ni”, ko “an riƙe mini maki”. A jimlar nasara ɗalibi ne aikau. A jimlar faɗuwa sai ya koma karɓau, malami ya hau kujerar aikau. Haka muke yi ko da Faransanci muke zancen. Wannan ɗan sauyin wakilin suna yana ɗauke da falsafa sukutum: nasara tawa ce, faɗuwa kuwa wani ne ya yi mini. Wanda ya yarda cewa yi masa aka yi, me zai je nema a gefen takarda?

Tsarin makin kansa yana taimaka wa wannan hali. Tun daga firamare har jarrabawar Bak, rayuwarmu tana rataye ne a kan mwayen. Da 10 an wuce, da 12 ko 14 ko 16 a samu yabo a kan takardar shaida, ƙasa da 10 sai zagaye na biyu ko maimaita aji. Lamba tana gaya wa ɗalibi inda ya tsaya a layi, amma ba ta gaya masa ƙafar da zai ɗaga ba. A 1988 Ruth Butler ta wallafa wani gwaji da ta yi da ƴan makarantar firamare: kashi ɗaya aka ba su maki kawai, kashi ɗaya tsokaci kawai, kashi na uku maki da tsokaci tare. Waɗanda aka ba tsokaci kawai su ne aikinsu ya inganta a zagaye na gaba. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su fi masu maki kawai ba, domin da zarar ido ya faɗa kan lamba, tsokacin ya zama kamar ba a rubuta shi ba. Da na karanta wannan sai na tuna da takardata mai wata biyar a jaka.

Akwai kuma abin da ya fi maki nauyi a wurinmu, wato kunya. An rene mu a kan kare mutunci, kuma tarbiyya ce mai kyau. Illar ita ce mun shigar da takardar jarrabawa cikin mutuncin. Idan aka ce sakin layinka bai tsaru ba, sai ka ji kamar an ce kai ne ba ka tsaru ba. Ga wanda shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka jami'a, wanda aka sayar da akuya ko buhun albasa aka yi masa kuɗin mota, jan alƙalami yana zuwa ne da fuskokin mutanen gida gaba ɗaya. Na san wannan nauyi, ba na kuma raina shi. Sai dai ɓoye takarda ba ya rage shi, jinkirta ranar biya kawai yake yi. Haka kuma kunyar ce ke hana mu gyara wa juna. Aboki ya ba ka kundinsa ka duba, ka ga ɓaraka a shafin farko, ka ce “ma sha Allah, ya yi kyau”, don kada zumunci ya ɓaci. Ranar kare kundi a gaban malamai sai ya sha abin da ka fi kowa ikon kare shi daga gare shi.

Allo da maƙera

Abin mamaki shi ne, karɓar gyara ba baƙon abu ba ne a al'adarmu. Mafi yawanmu mun yi makarantar allo kafin boko ko tare da shi. Almajiri ya rubuta allonsa ya kai wa malam, malam ya duba, ya gyara wasalin da ya kauce, ya biya masa, ya koma ya yi ta maimaitawa. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Babu 7, babu 16, babu na ɗaya babu na ƙarshe. Akwai dai “koma ka sake” da “je ka wanke”. A wurin tilawa ƙarami yakan gyara wa babba, babban ya karɓa ya wuce. Liman ma idan aya ta kuɓuce masa, na bayansa ne ke tuna masa, ba a kuma taɓa jin an ce girmansa ya zube ba. A can kowa ya yarda cewa karatun ya fi mai karatun, don haka kare shi daga kuskure aikin kowa ne.

Haka abin yake a rumfunan maƙeran azurfa na garin nan, masu ƙera abin wuyan da duniya ta san Agadez da shi. Ana fara siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya fita, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, sannan a fasa yumɓun a shiga gyara da magagari da zane. Na sha zama a rumfar wani maƙeri a unguwarmu ina kallon yaronsa yana miƙa masa abin da ya yini yana yi. Tsohon ya juya shi a tafin hannu, ya nuna masa da farce inda kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, ya jefa shi cikin tukunyar narki. Yaron bai yi fushi ba, bai ce maigida ba ya ƙaunarsa ba. Azurfar tana nan ba ta ragu ba, shi kuma ya ƙaru da sanin inda hannunsa ke zamewa. Ya fi mu sa'a ta fuska ɗaya: aikinsa yana wajen jikinsa, yana iya kallonsa tare da maigidan kamar yadda mutum biyu ke kallon abu na uku. Abin da ya kamata mu koya ke nan game da rubutunmu. Takarda aiki ce da muka yi ranar kaza da iyakar sanin da muke da shi a ranar, ana iya narkar da ita a sake zubi.

Rabon malamai

Zan yi rashin adalci idan na ɗora wa ɗalibai laifin duka. Ba kowane jan rubutu ne gyara ba. Avraham Kluger da Angelo DeNisi sun tattara sakamakon bincike masu yawa a 1996, suka gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan da aka ba mutane bayani a kan aikinsu, aikin lalacewa ya ƙara yi. Bayaninsu shi ne, tsokaci yana amfani muddin ya tsaya a kan aikin, yana kuma rasa amfani gwargwadon yadda ya karkata zuwa ga mutumin. Malamin da ya rubuta “banza” ko “ba ka san kome ba” bai koyar da kome ba. Wanda ya karanta makin ɗalibi da ƙarfi a gaban aji yana dariya ya koya wa ajin gaba ɗaya ɓoye takarda. Wani lokaci ma takardar ba ta dawowa sam, sai lamba kawai a jikin allo, ɗalibi ya maimaita darasi bai san abin da ya kayar da shi ba. Mun san ajujuwa sun cika, malami ɗaya yana fama da ɗaruruwan takardu. Duk da haka muna roƙon malamanmu, cikin girmamawa, abu biyu: a dawo mana da takardunmu, a kuma ware ko da sa'a ɗaya bayan kowace jarrabawa a bi kurakuran da suka fi yawa a kan allo. Layi ɗaya da ke cewa “duba bambancin lokaci shuɗaɗɗe na ɗaya da na biyu” ya fi shafi guda na faɗa.

Sannan karɓar gyara ba ya nufin haɗiye duk abin da aka ce. A fanninmu musamman, akwai inda ake ja wa ɗalibi layi a kan abin da karin harshe ne, ba kuskure ba. Wanda ya ce “shina zuwa” ko “munka tafi” Hausar Adar da Arewa da Sakkwato ya yi, tana da ƙa'idarta da tarihinta. Idan an nemi daidaitacciyar Hausa, wajibi ne ya rubuta “yana zuwa” da “muka tafi”, ya kuma san dalili. Idan kuwa bayanan fili yake kawowa daga bakin tsohuwar da ya naɗa, to gyara mata magana shi ne kuskuren. Ɗalibin da ya karanta tsokaci da kyau shi ne zai iya komawa wurin malami da ladabi, da faifansa da hujjarsa, ya ce “Malam, a nan ina ganin ba haka ba ne.” Malamin kirki yana murna da irin wannan ɗalibi. Wanda ya ninke takarda kuwa ya rasa gyaran, ya kuma rasa damar kare kansa inda yake da gaskiya.

Dalilin gaggawa

Da a ce maganar ta tsaya a kan makin mutum ɗaya, da ban cika muku shafi ba. A watan Maris na 2025, Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Tafiya ce mai tsawo ta kawo mu nan. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira da a koyar da ƴaƴan Afirka da harsunansu a littafinsa na 1964. An yi taron Bamako na 1966 a kan haruffan rubuta harsunanmu, an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, an kuma fitar da dokar ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar a 1999. Ko mene ne ra'ayin mutum game da matakin na 2025, da matsayin da ya kamata a ba Tamajak da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da sauran harsunanmu, abu ɗaya a fili yake: za a buƙaci masu rubuta littattafan makaranta, masu fassara dokoki, masu ƙirƙiro kalmomin kimiyya, masu horar da malamai. Ba daga sama za su faɗo ba. Mu ne, da ke zaune yau a Yamai da Damagaram da sauran jami'o'inmu, har da ta Agadez da aka kafa a 2014.

A nan ne madubin farko zai iya yi wa ƙasa ɓarna. Ranar da aka nemi mai fassara, kowa zai ɗaga hannu, domin kowa ya ɗauka ya iya Hausa. Kuskuren da ɗalibi ya ƙi karɓar gyaransa a shekarar farko, shi ne zai shiga littafin aji ɗaya a buga dubbai, yara su haddace shi a matsayin ƙa'ida. Madubi na biyu kuma zai hana mu waɗanda muka fi buƙata. Yankin nan taska ce ta harsuna. Heinrich Barth da ya zo Agadez a 1850 ya tarar ana magana da wani harshe dangin Sanwai a cikin garin, wanda yau ya ɓace. Ɗan'uwansa Tasawak yana nan da rai a Ingal, kuma ɗaya daga cikin ayyukan da masana ke komawa gare su a kansa kundi ne da Ousseina Alidou ta rubuta a 1988 tana ɗaliba a jami'ar Yamai. Wa ya san yawan irin wannan kundi da muka rasa saboda mai harshen yana bencin baya, ya gaskata cewa wanda bai iya Faransanci da santsi ba ba shi da abin faɗa?

Abin da nake ba da shawara

Ba sai mun jira an sauya tsari ba. Kafin a dawo da takarda, kowa ya rubuta makin da yake zaton zai samu a bayan littafinsa, ya riƙa kwatantawa da na gaskiya. Bayan jarrabawa biyar zai san ko shi mai cika wa kansa mudu ne ko mai tauyewa, a wane darasi kuma. Idan takarda ta zo, a rufe lambar da yatsa a fara karanta gefen shafi. Idan zuciya ta yi zafi, a ajiye ta kwana biyu sannan a dawo. A keɓe ɗan littafi na kurakurai, a riƙa rubuta kowane gyara da ƙa'idarsa, domin mafi yawanmu kurakurai huɗu ko biyar ne muke ta juyawa shekara da shekaru. A samu abokan karatu biyu ko uku da aka yi alkawari da su cewa “ya yi kyau” ba amsa ba ce, sai an nuna wuri ɗaya da ya yi da wuri ɗaya da bai yi ba. Ya fi kyau a haɗa mai ƙarfi a Hausa da mai ƙarfi a Faransanci, kowa ya zama idon ɗan'uwansa. Kuma a riƙa naɗar murya ana saurare, tun da kowa na da waya a aljihu. Abin da Labov ya yi wa mutanen New York, kowannenmu na iya yi wa kansa a ɗaki.

Maginan da suka tayar da hasumiyar babban masallacinmu, mai tsayin mita 27, sun bar itatuwa a jikinta suna leƙowa waje, kuma a kansu ake takawa duk lokacin da za a sake yaɓe. Sun gina ta da sanin cewa za ta buƙaci gyara. Mu ma idan za mu miƙa aiki, mu bar gefe mai faɗi, mu kuma rubuta wa malami a ƙasa inda mu da kanmu muke shakka, don ya san wurin da zai fi sa ido.

Da hutu ya ƙare na je ofishin malamin nan da takardata, na ba shi haƙuri a kan jinkirin. Bai ma tuna ba. Ya zaunar da ni, ya ce in rufe baki in yi guɗar kalma a maƙogwaro ba tare da furta ta ba, in saurari inda murya ta hau da inda ta sauka. Muka yi kuka da kuka, muka yi wuya da wuya. Cikin rabin sa'a na fara jin abin da na shekara ashirin ina faɗa ban san ina faɗa ba. Har yanzu ina kuskuren faɗaɗɗen karin sauti, yana kuma cikin ɗan littafina a shafi na farko. Ƴan'uwana ɗalibai, jarrabawar zango na tafe. Idan takardu suka dawo, kafin a ninke, a duba ƙasan shafi.